Ranar da Evaristo Ya Soke Kitso

Kwana uku kacal Evaristo Guaymás ya yi a birnin Salta yana kwas ɗin tafiyar da kasuwanci, amma da ya sauko daga bas a garinsu Chicoana sai ka rantse shekara bakwai ya yi a ƙasar waje. Ya dawo da takardar shaida a cikin gilashi, da usur a wuya, da agogon 'yan tsere, da wata sabuwar tafiya ta ɗaga kafaɗa. Kafin ya kai gida sai da ya tsaya wuri huɗu yana gaya wa mutane abin da ke damun sana'arsu, alhali babu wanda ya tambaye shi.

Abin kuma ya zo masa a daidai. Surukarsa Doña Casilda, wadda ta shekara talatin da takwas tana gasa empanada, wato kwaɓin fulawa da ake cusa wa nama ko cuku a naɗe bakinsa, a shagonta na kusurwar dandali, an yi mata aikin gwiwa, likita ya ce ta kwanta wata guda. Shi kuwa Evaristo shekararsa tara a shagon, kuma aikinsa bai taɓa wuce kai saƙo a kan babur ba. Wannan abu yana ci masa rai ba kaɗan ba.

Tsohuwar ta kira shi bakin gadonta, ta ɗaga mabuɗin shago da yatsu biyu.

Ta ce, "Ungo. Ba don na yarda da kai ba ne, don 'yata Delfina ta zo ta yi mini kuka ne. Daga yau zuwa Babbar Juma'a, ranar azumin coci. Ka san kowace shekara mu ke ciyar da mutanen coci in sun sauko daga dutse, empanada ɗari uku, babu nama ko tsoka ɗaya. In ranar ta wuce lafiya, mabuɗi ya zama naka. In ba haka ba, na ba Felisa mai yi mini kwaɓi, kai kuma ka koma kan baburinka."

"Mama, ki kwantar da hankalinki. Nan da wata guda ba za ki gane shagonki ba."

"Ai abin da nake tsoro ke nan."

Ya zura mabuɗin a igiyar usur, ya fita yana kaɗa su a ƙirji.

Ran Litinin da ƙarfe shida ya busa usur, ya ce duk ma'aikata su hallara taron safe. Ma'aikatan su biyu ne: matarsa Delfina, da Felisa, wata gajeriyar dattijuwa wadda ta shekara talatin tana kwaɓa fulawa a shagon. Duk da haka sai da ya kira sunaye.

Ya ce, "Daga yau an raba aiki sashe-sashe. Felisa, ke ce shugabar sashen kwaɓi, da sashen cusa nama, da sashen tanderu. Delfina, ke ce shugabar sashen ciniki da na shara."

Felisa ta ce, "To jiya wa ke yin waɗannan?"

"Jiya ai babu tsari. Yi kawai kuke yi."

Delfina ta ce, "Kai kuma wane sashe ne naka, Evaristo?"

"A wurin aiki Darakta za ki ce. Ni nawa sa ido ne."

Ya kuwa sa idon. Wuni guda yana bin su da agogo, yana danna shi yana rubutu, har ya gano ɓarawon lokaci na farko: ƙoƙon shayin mate, wani ganye da ake jiƙawa a zuƙa da tsinke. Felisa takan zuba ruwan zafi, ta zuƙa, ta miƙa wa Delfina, ta zuƙa ta dawo mata da shi, hannu na aiki, ƙoƙo na zagayawa. Da suka miƙa masa sai ya ture.

"Na gode. Minti arba'in da bakwai a rana! A shekara kwana goma sha biyu ke nan kuna zuƙar ciyawa. An soke."

Ya ɗauke ƙoƙon ya kulle a aljihun tebur. Felisa ta zura farantai a tanderun ƙasa, ta koma kan kwaɓinta. Can sai ga hayaƙi yana fitowa ta taga, baƙi ƙirin, har Don Hilario mai aski, maƙwabcinsu, ya rugo da bokitin ruwa da almakashi a hannu.

Evaristo ya yi tsalle. "Felisa! Ba ki duba agogo ba ne?"

"Wane agogo, Darakta? Shekara talatin in ƙoƙo ya zagaya sau uku nakan fitar da faranti. Yau bai zagaya ba."

Don Hilario ya leƙa, ya ga empanada sittin sun zama gawayi. Ya ce, "Maƙwabci, ashe har da sashen gawayi aka buɗe? A ajiye mini buhu ɗaya."

"Don Hilario, duk gyara da ɗan tuntuɓe yake farawa. Haka aka koya mana."

Washegari ya kafa ƙusa a bakin ƙofa, ya rataye 'yan takardu masu lamba. Don Hilario ya shigo da hantsi kamar kullum, shi kaɗai a shagon.

"Delfina 'yata, ba ni biyu na kaza."

Evaristo ya tare shi. "Ka ciri lamba?"

"Lambar me? Ni da wa nake layi, da inuwata?"

"Tsari ba ruwansa da yawan mutane."

Don Hilario ya koma ya ciro, ya duba, goma sha huɗu. Evaristo ya gyara murya, ya fara kira daga ɗaya, yana jira bayan kowace lamba ko mai ita zai amsa. Da ya kai tara, mai aski ya zauna a benci ya ce in an zo kansa a tashe shi.

Amma duk waɗannan share fage ne. Babban aikin da Evaristo ya sa a gaba shi ne kitso, wato naɗin da ake yi wa bakin empanada.

Kowa a Chicoana ya iya karanta bakin empanadar Doña Casilda tun kafin ya iya karanta sunansa. Ta nama, kitso ne mai gaɓa goma sha uku. Ta nama mai barkono, haka take amma da ɗan tsini a ƙarshe. Ta kaza, kitsonta a sama yake kamar zankon zakara. Ta cuku a haɗe bakinta biyu. Ta masara kuwa da cokali mai yatsu ake danne ta. Ko makaho ya shafa ya san abin da zai ci.

Evaristo ya tsaya a kan Felisa da agogo. "Daƙiƙa goma sha ɗaya a kan guda ɗaya! Don me? Kitson ake ci?"

Ya shiga birni ya dawo da wani injin matsi mai hannu, irin wanda ake dannawa ƙwas, ya rufe bakin empanada sumul. Daƙiƙa biyu. Ya jera guda biyar a tebur, kansu ɗaya, ya ja da baya yana kallonsu kamar 'ya'yan da ya haifa.

Felisa ta ce, "Sun yi kyau. Wacece ta kaza?"

Ya duba ta farko, ya duba ta ƙarshe. "Wannan ba matsalar inji ba ce, matsalar sadarwa ce. Kowane faranti za a ɗora masa takarda mai launi. Ja nama, kore babu nama, ruwan ɗorawa kaza."

Delfina ta ce, "In an juye a kwando fa?"

"Kin cika kawo cikas. Wannan shi ake kira tsoron canji, an yi mana darasi guda a kansa."

Cikin mako ɗaya gari ya ɗauka. Mai son kaza ya gatsa ya ji cuku, mai son cuku ya gatsa ya ji masara. A shagon aski sai abin ya zama wasa: a sayo dozin, kowa ya ɗauki ɗaya ya faɗi abin da ke ciki, wanda ya kuskure shi zai share gashi a ƙasa. Don Hilario ya yi kwana goma bai taɓa tsintsiya ba. Majalisa ta cika, aike ya yawaita, har lambobin bakin ƙofa suka fara amfani.

Evaristo ya ga layi har waje, sai kansa ya ƙara girma. Ya zana wani layi mai hawa sama a allo, ya kwance allon ya ɗauka har ɗakin surukarsa.

"Mama, kin ga wannan? Wannan shi ne ci gaba."

Doña Casilda ta kalli allon a karkace. "Jiya Hilario ya aiko mini da gaisuwa, wai ya gode da na buɗe gidan caca."

"Hassada ce, Mama."

"Saura kwana shida."

Ran Alhamis da yamma wata tirela ta tsaya a bakin dandali. Wani ƙato ya sauko, sai da ya sunkuya kafin ya shiga ƙofar shagon. Nemesio Tolaba ke nan, shugaban direbobin da ke haye tsaunuka zuwa Chile.

"Gobe da azahar za mu tashi, mota ashirin. Ina son ɗari biyu ta nama mai barkono. Barkonon da zai hana direba gyangyaɗi a kan tsauni, ba na yara ba."

Delfina ta ce, "Don Nemesio, ka yi haƙuri, gobe Babbar Juma'a ce. Mama ba ta taɓa ɗora nama a wuta ba a wannan ranar."

Evaristo ya shiga tsakani. "Tanderu ya san Juma'a ne? Wuta ɗaya, itace ɗaya, aiki biyu. An karɓa, Don Nemesio. Barkono kuwa ni da kaina zan zuba."

Da ƙaton ya fita, Delfina ta kama hannun rigar mijinta. "Evaristo, don Allah. Ni na roƙa maka mabuɗin nan. Kwana ɗaya ya rage, ka bar shi ya wuce."

"Gobe za ki gode mini a gaban uwarki."

Safiyar Juma'a ƙararrawar coci ba ta kaɗa ba, kamar yadda aka saba a ranar. Gari ya bi Fada Benigno, limamin coci, zuwa dutse, ana tafe ana addu'a, ciki babu komai. A shago kuwa inji na ta ƙwas, ƙwas. Faranti goma, hamsin-hamsin: shida na masara da cuku, huɗu na nama. Evaristo ya juye barkono a naman har Felisa ta koma bakin taga tana atishawa. Ya ɗora wa kowane faranti takardarsa.

Felisa ta sa hannu za ta cire takardar kafin ta zura a tanderu. Ya busa usur.

"Kul! Doka ta farko: takarda na bin faranti duk inda ya je."

"Har cikin wuta?"

"Duk inda ya je, na ce."

Ta kalli Delfina, Delfina ta kalli rufin ɗaki. Aka zura. Da aka fitar, empanada sun gasu ja-ja-wur, ƙamshi ya cika shago, kuma a tsakiyar kowane faranti ga ɗan tarin toka.

Evaristo ya sunkuya a kansu, gumi na tsattsafo masa.

"Ba komai. Tokar jar takarda ta fi duhu. Kowa ya san wannan."

Delfina ta fara magana, Felisa ma ta fara, sai ya cusa usur a baki ya busa da ƙarfi don a yi shiru. Iskar ta kwashe tokar kaf, ta watsa masa a fuska.

Ya goge ido. "To, ai na tuna. Na nama a hannun hagu aka sa su."

Felisa ta ce, "Da farko. Da wuta ta ci rabi na sauya musu wuri, na hagu dama, na baya gaba. Kullum haka nake yi."

"Wa ya ba ki izini?"

"Ni ce shugabar sashen tanderu."

Delfina ta ɗauko wuƙa. "Mu fasa ɗaya daga kowane faranti mu gani, shi ke nan."

"A fasa goma? Sannan in kai wa Fada ɗari uku ba shida? A ce Darakta bai san abin da ke cikin kayansa ba? Jadawali ya ce sha biyu saura kwata kaya na kan babur. Ku matsa."

Ya bi farantan yana sunsuna ɗaya bayan ɗaya. Sai dai hancin da ya wuni a cikin barkono ba abin da yake ji sai barkono. Ya nuna huɗu ya ce na direbobi, ya nuna shida ya ce na coci, da murya irin ta wanda ba ya kuskure. Aka juye a kwanduna. Ya kai wa Nemesio nasa, ya zarce farfajiyar coci, mabuɗi da usur na rawa a ƙirjinsa.

Jama'a sun sauko daga dutse a galabaice, an jera tebura a inuwar bishiyoyi. Aka raba wa kowa. Evaristo ya tsaya kusa da Fada Benigno, ya harɗe hannu, yana gaya wa na kusa cewa bana an gama aikin da awa ɗaya da minti goma kafin na bara.

Fada Benigno, tsoho mai sanyin murya, ya sa albarka, ya ɗauki tasa, ya gatsa rabi. Ya tauna sau biyu, ya tsaya. Kunnuwansa suka yi ja, sannan wuyansa. Ya ɗaga ido sama, hawaye suka gangaro masa shaaa.

Tsofaffin matan da ke layin gaba suka ga Fada na kuka a irin wannan rana, sai zuciyarsu ta karye. Ɗaya ta dafe ƙirji ta ce, "Bawan Allah, abin ya taɓa shi." Suka fashe da kuka su ma. Fada ya ɗaga hannu yana kaɗawa, yana son ya hana mutane ci, su kuwa suka ɗauka izini ne, kowa ya kai baki.

Da ƙyar murya ta fito masa. "Nama... ruwa!"

Ai kuwa wuri ya kacame. Wannan na tari, wancan na fifita harshe da hula, wata na tofarwa a hankici tana neman gafara. Waɗanda suka dace da masara suka riƙe tasu a hannu suna tsoron ƙara gatsa. Mutum goma suka rufu a kan tulu ɗaya. Don Hilario, idonsa jajir, ya ɗaga rabin tasa sama.

"Jama'a, wa ya ce nama mai barkono? Ba kowa! To yau duk gari za ku share mini shago!"

Evaristo ya haye kujera. "Ku natsu! 'Yar matsalar sadarwa ce! Kowa ya ciri lamba..."

Hon ɗin tirela ya haɗiye sauran maganar. Nemesio ya shigo farfajiya da kwando a kafaɗa, direbobi biyar a bayansa. Ya dire kwandon a gaban kujerar.

"Masara! Kai, mu kaji ne? Na gatsa uku, masara, masara, cuku! Ina barkonona?"

Fada Benigno ya ɗago daga cikin kofin ruwa. "Yana wurina, ɗana."

Evaristo ya kai usur baki, ya ja numfashi, sai ya ga mutane suna darewa biyu. Doña Casilda ce ke tahowa, sanda a hannu ɗaya, Delfina na riƙe da ɗayan. Tana ɗingishi, amma ba wanda ya yi gigin cewa ta zauna. Usur ya zame daga bakinsa, ya sauko daga kujerar.

Tsohuwar ta ɗauki empanada ɗaya, ta juya ta gaba da baya, ta shafa bakinta mai sumul da babban yatsa.

Ta ce, "Bebiya. Shekara talatin da takwas empanadata na faɗin abin da ke cikinta da bakinta, ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Kai ka zo ka toshe mata baki don ka tsira da daƙiƙa tara. Ina daƙiƙoƙin? Nuna mini inda ka tara su."

"Mama, a kan takarda lissafin..."

"Sunkuyo."

Ya sunkuya. Ta zare igiyar daga wuyansa, ta kwance mabuɗin ta miƙa wa Felisa, ta mayar masa da usur ɗinsa. Bai damu da dariyar Don Hilario ba, bai damu da hararar Nemesio ba. Abin da ya soke shi shi ne Delfina, wadda ta kau da kai tana goge ido da gefen gyale. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba.

Nan take Felisa ta sa aka haɗa kwandunan a tebur ɗaya. Ita da Delfina suka bi sauran empanada suna fasawa biyu, nama gefen direbobi, masara da cuku gefen coci. Ba goma aka fasa ba, duka aka fasa. Fada Benigno ya sanar cewa wanda ya ci da rashin sani ba shi da laifi, sannan ya dafa kafaɗar Evaristo ya ce yana son ganinsa gobe, kuma ya taho da lokaci a hannu.

Ran Litinin ba a busa usur ba. Injin matsi ya koma tokare ƙofar baya. Evaristo ya zo ɗaukar babur, sai Felisa ta nuna masa wata 'yar kujera a gefen tebur.

"Babur sai sha ɗaya. Zauna. Doña Casilda ta ce wanda zai ɗauki kayanta ya fara sanin yadda ake yin su. Gaɓa goma sha uku."

Ya ɗauki kwaɓi, ya cusa nama, ya fara naɗi, harshe a waje. Felisa ta ɗauki agogon 'yan tsere ta danna. Da ya gama ya ajiye wani abu mai ƙusumbi, baki a karkace, nama na leƙowa ta gefe.

Ta ce, "Minti shida da daƙiƙa arba'in. Sake."

Ƙoƙon shayi ya zagayo, Delfina ta miƙa masa ba ta dube shi ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya zuƙe tas, ya mayar. Da ya sake zagayowa ta ɗan dube shi.

Don Hilario ya leƙo ta taga. "Darakta, an sami ƙarin girma ke nan?"

"Nazarin aiki nake daga tushe, maƙwabci. Manyan kamfanoni duk haka suke yi."

Felisa ba ta zubar da abinci, don haka kullum nasa ma suna shiga tanderu, suna fitowa cikin kwando tare da na kowa. Kafin wata ya ƙare mutanen Chicoana sun koyi karanta kitso na shida. Mai saye zai nuna da yatsa, biyu na kaza, uku na cuku, in ya zo kan mai ƙusumbin sai ya tsallake. Da yamma su kaɗai ke saura a gindin kwando, Delfina ta juye masa a faranti, abincin darensa ke nan. Shi dai ko bai gatsa ba ya san abin da ke ciki.